Na shiga takardun ƙungiyoyin likitocin Landan, na tarar bakin mai ƙara kaɗai aka rubuta

Har yau abin na cin raina, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huta. Duk littafin tarihin likitanci da ya taɓo Ingila ta ƙarni na 16 da na 17 zai jera maka abin tsaf, hawa uku. A sama likita, ɗan jami'a mai Latin a baki, shi ke da cutar da ke cikin jiki. Ƙarƙashinsa wanzamai da masu fiɗa, nasu aikin hannu ne, miki da karaya da tsaga da cire haƙori. A can ƙasa mai harhaɗa magani, shi ba ruwansa da duba mara lafiya, abin da likita ya rubuta shi zai auna ya ƙulle ya miƙa. Da wannan a kaina na shiga takardun ƙungiyoyin nan, niyyata in bi dokokin ɗaya bayan ɗaya in nuna yadda kowace ta tsaftace harkar magani a Landan. Ashe hawa ukun nan buri ne kawai na masu riƙe da alƙalami, ba shi ke gudana a lungunan gari ba, kuma mutanen da aka rubuta a matsayin jahilai da 'yan damfara da wuya ka ga wanda aka bari ya faɗi nasa da bakinsa.

Dokokin kansu ba su ba ni wahala ba, an daɗe da buga su, kowa zai samu. Wanzamai sun karɓi takardar izinin sarki a 1462 daga Sarki Edward na huɗu. Dokar 1511 ta ce duk mai son yin likitanci ko fiɗa a Landan da mil bakwai kewaye da ita sai Bishop na Landan ko shugaban cocin St Paul ya ba shi lasisi bayan masana huɗu sun jarraba shi. A 1518 Sarki Henry na takwas ya kafa Kwalejin Likitoci, Thomas Linacre ne shugabanta na farko, majalisa ta tabbatar da ita a 1523. A 1540 aka haɗe wanzamai da masu fiɗa a ƙungiya ɗaya ƙarƙashin Thomas Vicary, aka ce wanzami kar ya taɓa fiɗa in ban da cire haƙori, mai fiɗa kuma kar ya yi aski, aka ba su gawar mutum huɗu da aka zartar wa hukuncin kisa duk shekara don koyon sassan jiki. A 1617 masu harhaɗa magani suka ɓalle daga ƙungiyar 'yan kasuwar kayan yaji suka kafa tasu. In ka jera su haka sai ka ga kamar kullum gaba ake ci, kowace shekara ana ƙara ɗaure igiya. To a nan aka yaudare ni, ba wai don dokokin ƙarya ba ne, gaskiya ne an yi su, amma doka a takarda ba ta gaya maka wa ya bi ta.

Inda ido na ya buɗe shi ne littafin zaman Kwalejin Likitoci, wanda John Caius ya fara harhaɗawa a 1555, aka ci gaba da shi hannu bayan hannu, har ya tsira daga gobarar 1666 da ta cinye ginin Kwalejin da mafi yawan littattafanta. Yawancinsa da Latin ne. Kwalejin tana da masu sa ido guda huɗu da ake zaɓa duk shekara, su ke kiran duk wanda aka ji yana magani ba lasisinsu, su tsare shi da tambayoyi, su ci shi tara, in sun ga dama su tura shi kurkuku. In ka karanta zama goma ka san tsarin sauran. Wane ya bayyana. An zarge shi da ba wa wance maganin wankin ciki. Ya amsa ko ya musa. An yi masa tambaya a kan Galen, tsohon likitan Girka da likitocin lokacin ke bin koyarwarsa, ya ba da amsar banza. An hana shi, an ci shi tara. Shi ke nan, sai suna na gaba. Wace amsa ya bayar da aka kira ta banza? Sau da yawa babu. Mara lafiyar ta warke ko ba ta warke ba? In ta mutu za a rubuta, in ta warke ba lallai ba. Kamar ka shiga kotu ne ka tarar mai ƙara shi ne alƙali kuma shi ne magatakarda, wanda ake ƙara yana tsaye amma ba a ba shi dama ba. Kuma wannan ba zargina ba ne ni kaɗai, domin tarar wata guda na yin magani ba lasisi fam biyar ce, rabi na sarki rabi na Kwalejin, wato duk wanda suka kama da laifi su ma suna da rabo a ciki.

Wata masaniyar tarihi, Margaret Pelling, ta zauna ta ƙirga mutanen da Kwalejin ta bi tsakanin 1550 da 1640 ta samu 714. Da farko na ji adadin da yawa, sai da na raba shi da shekara casa'in na ga bai wuce mutum takwas a shekara ba, a garin da wajen 1600 yake da mutum kusan 200,000, kuma 'yan Kwalejin kansu 'yan gomomi ne kawai. To wa ke duba sauran jama'a? Waɗannan 714 ɗin ba su ne masu maganin Landan ba, su ne waɗanda tsautsayi ya faɗa wa, ko wani ya kai ƙararsu, ko sun taɓa mara lafiyar da wani ɗan Kwaleji ke ganin nasa ne. Duk wanda ya yi aikinsa shiru a unguwar talakawa ba za ka taɓa ganin sunansa a nan ba.

Maganar Margaret Kennix ita ce ta tsaya mini a wuya. A 1581 Francis Walsingham, sakataren Sarauniya Elizabeth ta farko, ya rubuta wa Kwalejin da sunan Sarauniya cewa a ƙyale matar nan ta ci gaba da maganin tsirrai da take yi, yana cewa talaka ce, Allah ya ba ta sani a kan abin, talakawa na amfana, kuma da shi take riƙe mijinta mara ƙarfi da iyalinta. Kwalejin ta mayar da amsa cikin ladabi ta ƙi, a wurinsu jahila ce kawai. Na karanta takardun nan biyu na sake karantawa, sakataren Sarauniya ya yi magana, likitoci sun yi magana, ita da ake magana a kanta ko kalma ɗaya babu. Ban san da wane ganye take aiki ba, kuma littafin bai damu ya gaya wa kowa ba. Shekara sama da 400 hukuncin mutanen da ke ganin tana rage musu kasuwa shi ne ya zama tarihinta. Wallahi ranar sai da na rufe fayil ɗin na fita waje na ɗan tsaya.

Abin da ya sa na gane girman ramin kuwa shi ne Simon Forman, don shi kam ya bar nasa rubutun. A littafin Kwalejin, a shekarun 1590, Forman ɗan duba ne mara ilimi, an jarraba shi an ce bai san komai ba, an ci shi tara, an ɗaure shi, wani babba ya sa baki aka sake shi, ya koma ya ci gaba. In da wannan kaɗai ya rage da sai ka ɗauka wani ɗan cuwa-cuwa ne da ke raɓe-raɓe a bayan gari. Sai ka buɗe littattafan aikinsa da ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, waɗanda yanzu an ɗora su a intanet tare da na almajirinsa Richard Napier, su biyun wajen shari'o'in marasa lafiya 80,000, ka ga wani mutum daban. Kowane mai zuwa an rubuta sunansa, shekarunsa, rana da sa'ar da ya yi tambaya, sai zanen taurari mai kusurwa huɗu, sai abin da ya gani da abin da ya bayar. Barori ne, matan 'yan kasuwa ne, matuƙan jirgin ruwa ne, har manyan gari. Lokacin annobar 1592 zuwa 1593 ya zauna a Landan bai gudu ba, shi ma ta kama shi ya tashi, daga nan sunansa ya fita. A 1603 Jami'ar Cambridge ta ba shi lasisin yin magani. Kar a fahimce ni baibai, ba kare duba nake yi ba, kuma wanda ya karanta abin da Forman ya rubuta game da mu'amalarsa da mata ya san ba mutumin kirki ba ne ta wannan fannin. Amma su ma masu jarraba shi ɗin da tsaga da wankin ciki da lissafin ruwayen jiki huɗu da ake ganin rashin daidaitonsu ke kawo cuta suke aiki, ba wani magani ke hannunsu da ya fi nasa warkarwa ba. Abin da nake cewa shi ne mutum ɗaya da ya bar takardunsa ya fito daban da yadda aka zana shi, to ina ga sauran ɗari bakwai da ba su bar komai ba?

Daga nan na canza yadda nake karatu gaba ɗaya. Na daina tambayar me wannan ya yi, na koma tambayar wa ya kawo shi nan kuma me ya sa yanzu. Kuma sau da yawa amsar kuɗi ce. A zamanin mai magani da mara lafiya ciniki suke yi, a yanka farashin warkewa, a ba da wani kaso a gaba, saura sai an tashi. In ba a tashi ba, ko dangi suka ga an ci kuɗinsu mutum ya mutu, sai su nufi Kwaleji don ta matsa a dawo musu da abinsu, ita kuma Kwalejin ta karɓi ƙarar ta juya ta zuwa laifin yin magani ba lasisi. Wato abin da ya dami mara lafiya daban, abin da aka rubuta daban. Ka dubi shari'ar William Rose, mai harhaɗa magani, wanda ya yi jinyar wani mahauci John Seale, mahaucin ya ce ya kashe wajen fam 50 bai ga sauƙi ba, ya kai kuka, Kwaleji ta ɗauki maganar zuwa kotu ta yi nasara, sai majalisar dattawa ta rushe hukuncin a watan Maris na 1704. Daga ranar mai harhaɗa magani yana da damar duba mara lafiya ya ba shi magani, kuɗin maganin kaɗai zai karɓa ban da na dubawa. Littattafai na kawo wannan a matsayin sabon abu, amma in ka zauna da takardun za ka ga tun tuni su ke duba yawancin mutane, hukuncin amincewa kawai ya yi da abin da kowa ya sani.

Haka shari'ar Thomas Bonham. Shi ba ɗan tsirrai ba ne, likita ne da digirin Cambridge, amma Kwaleji ta jarraba shi ta ƙi shi, ya ci gaba da aiki, ta ɗaure shi a 1606, ya kai ƙara, a 1610 alƙali Edward Coke ya ba shi gaskiya yana mai nuna cewa ba zai yiwu masu cin rabin tara su zama su ne alƙalai ba. Na ji sanyi da na karanta wannan, don ashe tun a lokacin akwai wanda ya ga abin da ya dame ni. Kuma ita majalisa ma ba ta tsaya gefe guda ba. Shekara uku kacal bayan ta haɗe wanzamai da masu fiɗa, a 1543, ta yi wata doka da ta buɗe ƙofa ga duk mai sanin ganye da saiwa da ruwan magani, namiji ko mace, ya yi jinyar miki da kumburi da ciwon da ke waje, kuma a cikin dokar aka caccaki masu fiɗa cewa ribarsu kawai suka sani, suna barin talaka ya ruɓe. Masu fiɗa da likitoci na baya suka riƙa yi wa dokar kallon lasisin 'yan damfara, kuma wannan kallon nasu ne ya bi ta har cikin littattafan yau. Ka ga abin ya sake maimaita kansa, wanda ya ji haushi shi ya raɗa suna.

Takardun wanzamai da masu fiɗa sun fi daɗin karatu, da Turancin zamanin aka rubuta su kuma akwai rai a ciki. Sai dai in ka je da tunanin za ka tarar ana ta muhawara a kan lafiyar jama'a za ka sha mamaki. Shafi bayan shafi rigimar cikin gida ce, wane ya yi aski ranar Lahadi an ci shi tara, wane ya ƙwace wa ɗan'uwansa mara lafiya, wane ya zagi wane, ɗan koyo ya gudu daga gidan ubangidansa, ubangida bai ba ɗan koyo abinci da sutura ba, kuɗin walimar shekara bai cika ba. Akwai dai ƙa'ida mai kyau da na yaba, cewa in mai fiɗa ya samu mara lafiyar da ake tsoron zai mutu ko ya nakasa dole ya kira shugabannin ƙungiya su zo su gani, wannan kariya ce ga mara lafiya, kariya ce kuma ga shi mai fiɗar in abin ya ɓaci. Kuma a nan za ka ga iyakar ciki da waje ba ta taɓa tsayuwa ba. Mai fiɗa ke jinyar tunjere, da zaiba yake maganinsa, ciwon ya fito a fata don haka nasa ne, amma maganin yana shiga jiki don haka likita ya ce nasa ne. Wa zai tsaya ya kira mutum biyu ya biya biyu?

Ga wani tarko da ya kamata duk mai shiga wannan aiki ya sani tun kafin ya fara ƙirga. Rajistar 'yan ƙungiya ba rajistar masu sana'ar ba ce. A Landan ana samun 'yancin gari ta hanya uku, ko ka yi koyo aƙalla shekara bakwai, ko ka gada daga ubanka, ko ka saya. Kuma al'adar birnin ta ba duk mai 'yancin damar yin kowace sana'a, don haka ɗan wanzami zai iya gadon ƙungiyar ubansa ya je ya zama mai sayar da kaya, sunansa na nan a littafin wanzamai alhali bai taɓa riƙe aska ba. Ta ɗaya gefen kuma mai yin magani tuburan zai iya zama ɗan wata ƙungiya can daban. Ba Landan kaɗai ba ma, a Florence ta Italiya masu zanen hoto a ƙungiyar likitoci da masu magani suke, mawaƙi Dante ma a can ya yi rajista don ya samu shiga siyasar gari. Duk wanda ya ƙirga sunaye ya ce ga yawan masu maganin gari ya gina gida a kan iska. Mata kuwa su ne suka fi ɓacewa, matar mai fiɗa da ke aiki tare da shi, ko wadda mijinta ya mutu ta ci gaba da riƙe shagon da 'yan koyo, sai ka yi sa'a ka gan ta a gefen wani layi.

Sai kwanan wata. Kafin 1752 shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, don haka duk abin da ya faru tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris magatakarda shekarar baya zai rubuta masa. Shi ya sa za ka ga hukuncin Rose wani ya ce 1703 wani ya ce 1704, dokar lasisin bishop wani ya ce 1511 wani ya ce 1512, kuma duk ba wanda ya yi ƙarya. In ba ka kula ba sai ka jera shari'a ka ga an yanke hukunci kafin a shigar da ƙara. Ni yanzu duk abin da ya faɗo cikin watannin nan shekara biyun nake rubutawa tare a littafina. Rubutun hannun kuwa ba abin da zan ce sai haƙuri, harafin e a juye yake, h na nutsewa ƙasan layi, dogon s kamar f, kalmomi a gutsure, lambobi na Romawa ne da j a ƙarshe, kuɗi kuma fam da sule da kwabo, sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya. Suna ɗaya za ka gan shi da rubutu iri uku a shafi biyu, don haka kar ka yarda da abin da kwamfuta ta ce babu. Ido na sabawa, sai dai kowane sabon magatakarda sai ka sake koyon hannunsa. Kuma kafin ka ɗauki hoton kowane shafi ɗauki na lambar fayil ɗin tukuna, in ba haka ba za ka koma gida da ɗaruruwan hotuna masu kama ɗaya.

Inda na samu sauƙin zuciya shi ne takardun coci, kuma ban yi zaton haka ba. Lasisin da bishop-bishop ke bayarwa, da na Babban Bishop na Canterbury da ke ajiye a ɗakin karatu na fadar Lambeth, suna zuwa da takardun shaida. A nan ne karon farko na ji muryar waɗanda aka yi wa magani. Maƙwabta ne da limamin unguwa da mutanen da suka warke ke sa hannu cewa wane ya ɗora mini ƙafa, wane ya warkar da ɗana. Na ungozoma sun fi taɓa ni, domin matan da ta karɓi haihuwarsu ne shaidunta. Akwai wata takarda da na daɗe a kanta, ƙasanta sunayen mata ne a jere da hannun mutum ɗaya, kusa da kowane suna akwai alamar da matar ta yi da kanta don ba ta iya rubutu ba, wata gicciye, wata ɗan da'ira, wata tawadar ta yi mata yawa ta bazu. Rantsuwar da ungozoma ke yi ma abin karantawa ce, za ta je wa talaka kamar yadda za ta je wa mai kuɗi, ba za ta musanya jariri ba, ba za ta bari a laƙa wa wani cikin da ba nasa ba, ba za ta yi tsafi ba. Amma nan ma sai ka riƙe hankalinka, takardar shaida yabo aka rubuta ta don shi, wanda bai warke ba ba za a kira shi ya sa hannu ba, kuma shi bishop ya fi damuwa da ɗabi'ar mutum da zuwansa coci fiye da iya aikinsa. Littafin Kwaleji na tara sharri, wannan na tara alheri, sai ka aza su gefe da gefe.

Shawarar da zan ba kowa, kuma da zafi nake ba da ita, duk sunan da ka gani a littafin ƙungiya kar ka rubuta komai a kansa sai ka neme shi a takardun wanda ba ruwansa da rigimar. Wasiyya za ta nuna maka kayan aikinsa da littattafansa da wa ke binsa bashi. Lissafin kuɗin cocin unguwa zai nuna maka wa aka biya ya yi jinyar talakawa. Lissafin asibitoci haka, asibitin St Bartholomew ya riƙa biyan mata kuɗin jinyar ƙurajen kai, hukumar birnin Norwich ma a shekarun 1570 ta biya mata masu magani. Ka duba fa, irin matan da wata hukuma ke kira jahilai wata hukumar albashi take ba su a zamani guda. Ba za ka taɓa ganin wannan ba in a ɗaki ɗaya ka zauna. Kuma ka yi hira da ma'aikatan wurin ajiyar, wata ma'aikaciya ce ta ce mini in bar littafin zama in nemi na ma'aji, don abin da aka yanke a zama daban, abin da ya shigo aljihu daban, kuma gaskiyarta, tara da yawa an yanke ta ne kawai, an rage ko an yafe ko mutum ya ɓace.

Ba na so in yi wa Kwalejin abin da ta yi wa wasu. Akwai shari'o'in da in ka karanta za ka ce gara da aka kama mutumin, an ɗura wa mara ƙarfi magani mai zafi ya mutu, an karɓe kuɗin talaka an gudu. Binciken shagunan magani da wata dokar daban ta 1540 ta ba masu sa idon Kwalejin damar yi, su ƙona ruɓaɓɓen kaya, abu ne mai amfani. Littafin haɗa magunguna na 1618 ya sa aƙalla an samu ma'auni ɗaya. William Harvey da ya bayyana zagayawar jini a 1628 shi ma ya yi aikin sa idon nan. Mutane ne masu ilimi da suka yarda da gaske cewa suna kare jama'a, kuma suna kare kasuwarsu a lokaci guda, su kansu ba na jin sun iya raba biyun. Laifin da nake gani ya fi yawa a kanmu masu karatu da muka ɗauki littafinsu muka mayar da shi labarin gari duka.

Na bi zaren har ƙarni na 19 don in ga inda aka rufe ƙofar. Masu fiɗa sun rabu da wanzamai a 1745, suka zama kwaleji a 1800, dokar 1815 ta ba ƙungiyar masu harhaɗa magani ikon jarraba masu aikin likita na gama-gari, sai dokar 1858 da ta kafa majalisar likitoci ta ƙasa da rajista guda, wadda aka fara bugawa a 1859. Na ɗauka a nan ne aka haramta wa mara takarda yin magani. Ba a haramta ba. Abin da dokar ta hukunta shi ne mutum ya yi ƙaryar yana cikin rajista, sannan ta keɓe wa masu rajista muƙaman gwamnati da damar bin kuɗin aikinsu a kotu. Wato bayan shekara 340 da kafa Kwalejin, majalisa ba ta ba likitoci abin da suka fara nema ba. Ƙungiyoyin dai ba su daina tsaron ƙofa ba, Elizabeth Garrett ta ci jarrabawar masu harhaɗa magani a 1865 don ƙa'idarsu ba ta hana ta ba, ba a daɗe ba suka gyara ƙa'idar yadda wata mace ba za ta bi ta hanyar ba. Babin da na tanada don jera dokoki yanzu ya koma 'yan shafuka, sauran aikin duka na bin mutanen ne ɗaya-ɗaya ta wasiyya da rajistar coci da lissafin ma'aji, kuma a halin yanzu ina kan takardun kotunan coci, inda ake kiran waɗanda suka yi magani ko karɓar haihuwa ba lasisin bishop.